Kada Ku Sa wa Mudi Mari

Ingila,
9 ga Maris, 1976.

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Safara'u da yara. Ni lafiyata lau, sai dai sanyi da wani ɗan tari da ya ƙi barina. Kada a gaya wa Inna.

Wasiƙarka ta hana ni sukuni. Ka ce tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu, ƙaninmu Mudi ya faɗa shan ƙwaya, har kuna shawarar sa masa mari. Don girman Allah, Yaya, ku dakata. A asibitin da nake ƙaro ilimi, masu irin lalurarsa layi ɗaya suke bi da masu ciwon ciki, mu duba su kamar kowa, kuma da yawa suna dainawa. Jiya wani daga cikinsu ya ce mini, "Likita, matata ta dawo gida."

Irin wannan aikin nake son kawowa can wajenku Tudun Wada bayan babbar salla. Kafin nan, ku riƙa cin abinci tare da shi, kuma kada ya shiga kwalekwale shi kaɗai. Tsorona kada in dawo da ilimin, in tarar babu Mudi.

Allah ya tsare mana ku.

Ƙaninka,
Sunusi