Warƙa Uku da Suka Tafi Gbalahi

Zuwa ga ɗan fari,

Bayan gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba, don haka rubutuna na ɗan aji uku ba zai kunyata kowa ba.

Na yi ɓarna. Gwaggonka ta zo daga ƙauyen Gbalahi, zan ƙunsa mata goro na rasa ganye, sai na yagi warƙa uku a littafin da aka dawo da shi cikin kayanka. Kwana biyu sai ga wasiƙar Mista Ofori, abokin aikinka na Ankara bakin teku, wai a aika littafin, don a ciki ka tsara yadda za a riƙa gabatar wa injin lissafinku kowane aiki. Na duba, ukun farko na yaga. Ka san ubanka, ko ɓarna zai yi sai ya zaɓi mai tsoka.

Na tuna bayaninka a zaure, ina gyangyaɗin ƙarya. Ka ce injin kalma-kalma yake karatu, ba ya waiwaye. In ba a faɗa masa tun farko ba, sai ya yi nisa bai san ko sabon aiki ake koya masa ko tsoho ake nema ba, ya rikice. Shi ya sa ka dage a fara da kalma guda, kamar sallama, sai sunan aikin, sai abin da zai karɓa, sai abin da zai mayar. Na ce ashe ƙarfe ya fi ni tarbiyya, ni mai fara labari daga wutsiya. Ba ka yi dariya ba. Ka ce abin da ba a ambaci sunansa ba, injin bai san da zamansa ba.

Da ni kake, ko? Shekara ashirin da shida ban taɓa furta sunanka ba. Kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina ne. Ko ranar jana'izarka, yaron nan na ce.

Uwarka na nan tana sayar da kokonta a bakin masallacin unguwarmu, Nyohini. Famfon da aka yi mana alkawari ranar 'yancin kai bai iso ba tukuna.

Gobe zan hau keke zuwa Gbalahi, Allah ya sa gwaggonka ba ta hura wuta da aikinka ba. Wannan bashin na wuyana har in kai warƙoƙin hannun Ofori.

Ɗayan bashin kuwa, na sunanka, bari in rage: Haruna.

Ka gani? Sunan ma a wutsiya na sa shi, kamar kullum. Injinka ba zai karɓa ba. Kai dai ka karɓa.

Allah ya jiƙanka.

Ubanka, mai yaga littafi.