Ni Nake Tashinsa Zuwa Golmo

Anti Rebecca, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ɗana Sila yana da farfaɗiya tun yana ƙarami, amma da maganin asibiti ya daɗe bai faɗi ba, har na sakankance. Bana ya shiga golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake nema. Sunanta Saloma, yarinyar kirki. Da yamma kuma yana kabu-kabu da babur, ba ya shigowa da wuri. Ni kuwa don kada a ce ɗana rago ne, tun da duhu nake tashinsa, wani lokaci har da yayyafa masa ruwa. Ya sha ce mini kansa na juyawa, na ce lalaci ne kawai. Wayyo ni! Makon jiya yana kama garma ya faɗi a kan kunya, gaban uban yarinyar, wanda ba mu taɓa gaya masa zancen ciwon ba. Yanzu sun ce a dakata da maganar auren. Ni na kashe masa aure?

Uwa mai nadama, Zuru

Mama, share hawayenki. Ba ke kika sa masa ciwon ba, kuma ƙauna ce ta sa ki. Amma ba zan ɓoye miki ba, rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, kuma wasu da sun farka ba da jimawa ba take kama su. Jiki na son lokacin kwanciya da na tashi su tsaya wuri ɗaya, shan magani ma haka. Ku koma wurin likita a sake duba shi. Babur kuwa ya ajiye shi tukuna, faɗuwa a kan titi ta fi ta gona muni.

Uban Saloma ma yana da gaskiyarsa, tsoro ya ji, kuma an ɓoye masa. Ku je da dattijo ku gaya masa komai: ciwon ba ya yaɗuwa, masu shi na aure suna haihuwa. Ku roƙe shi ya bar Sila ya riƙa fitowa bayan ya ƙoshi da barci. Ko zai yarda, ban sani ba. Amma kafin nan, ki zauna da ɗanki ki ce masa ya yafe miki. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki rai.