Baba ya ce kada a ɗaura wa ƙararrawa fata

Anti Rosalind,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta. Ranar Juma'a ta makon gobe za a binne mahaifina, ni kuwa har yanzu ban san abin da zan ce wa masu buga ƙararrawa ba.

Baba shi ne shugaban masu jan igiya a hasumiyar cocin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ƙararrawa takwas ce, shi ke riƙe da babbar, ni kuma ya ba ni ta uku tun ina 'yar makaranta. Kin san ƙauye irin namu, ba sai an aika wa kowa saƙo ba. Idan babbar ta yi ta bugawa ita kaɗai, sannu-sannu, wato "toll", mace na shanya a bayan gida za ta tsaya ta ce wani ya tafi. Idan duka suka ɓarke suna bin juna a guje, abin da mutanen gari ke kira "peal", to an ɗaura aure ke nan. Na agogo kuwa, "chime", ba mai ɗaga kai dominsa sai mai jiran mota. Baba har faɗa yake yi da baƙin da ke haɗa su duka su ce wai ƙararrawa na ƙara.

Idan ɗayanmu masu jan igiya ya mutu, al'adarmu ita ce a hau sama a ɗaura wa harshen kowace ƙararrawa, wato ƙarfen da ke lilo a cikinta yana buga ta, fata a gefe ɗaya. Sai ta buga sau ɗaya tangaran, sau ɗaya a dushe, kamar wani na amsa mata daga nesa. Duk wanda ya ji ya san makoki ne.

Ana dab da rasuwarsa, ina ba shi shayi a cokali, ya damƙe hannuna ya ce, "Ke, ji nan. Kada ku kuskura ku toshe wa ƙararrawata baki. Na gaji da wannan gunagunin. Ku sake su, su yi ta zuba kamar ranar aure." Na ce to, Baba. Ya ce in rantse, na rantse. Me zan ce wa mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa?

Da na kai maganar wurin Alwyn, abokinsa tun ƙuruciya wanda shugabancin ya koma hannunsa yanzu, na tarar yana shafa wa fatun mai. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Yarinya, ubanki ya yi taurin kai yana tsaye, yanzu kuma zai yi mana yana kwance? Ni dai hannuna ba zai taɓa igiya ba ranar, kuma ba ni kaɗai ba." Ina da 'ya'ya biyu da furfura, amma wai yarinya. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a jarida ba. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce a hankali, "Kin yi tunanin uwarki kuwa?"

Ga abin da ban so in ambata ba. Baba mutum ne mai kaifin harshe, kuma Mama ce ta fi kowa shan sa. Ina budurwa ta kwashe kayanta ta tafi wurin yayarta a bakin teku, ta yi kusan shekara biyu kafin ta dawo. An daɗe, amma a ƙauyenmu ba a manta wa mace irin wannan. Ita ta yi jinyarsa, ita ke wanke shi tana juya shi, yana daka mata tsawa har ƙarfinsa ya ƙare. Amma wannan a cikin gida aka yi, ba wanda ya gani. Abin da za a gani shi ne an fito da akwatinsa, matar da ta taɓa guduwa tana biye, sama kuma ana bugun aure.

Na gaya wa Mama alkawarin da na yi. Ta ci gaba da goge tebur ta ce, "Ki yi yadda ya ce mana. Ai duk rayuwata yadda ya ce nake yi." Washegari na shiga kicin na same ta zaune, shayinta ya huce a gabanta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Za su ce biki na yi." 

Anti, ga inda na tsaya. In na bi Alwyn, na ci amanar mutumin da ya koya mini riƙe igiya, kuma zan tsaya ina jan sautin da ya ce ya tsana. In na bi Baba, zan iya ɗauko masu bugu daga wani ƙauye, har na samu lambobinsu, amma na tsayar da uwata a tsakiyar gari ana nuna ta da baki. Wani lokaci haushinsa nake ji, ya tafi ya bar mini wannan kaya. Sai kuma in ji kunyar jin haushin. Wanne zan yi?

Mai igiya ta uku

*

'Yar'uwa mai igiya ta uku,

Ina yi miki ta'aziyya. Kada ki ji kunyar haushin da kike ji, kayan da aka ɗora miki yana da nauyi.

Da farko, ki ajiye lambobin nan na masu bugun wani ƙauye. In kika kawo baƙi suka hau hasumiyar mahaifinki, abokansa na tsaye a ƙasa, kin ƙara wa garin abin magana, kuma ke ma da wuya ki sake hawa can da daɗin rai.

Roƙon mahaifinki ba shirme ba ne. Mutum ne da ya san sautin nan fiye da kowa, yana da ikon zaɓar wanda za a raka shi da shi. Amma yana kan gadon ciwo ya zaɓa, yana tunanin kunnensa, bai yi tunanin kunnen gari ba. Alwyn kuma ba gaba yake yi da ke ba. Abokinsa ne ya mutu, ɗaura fatar nan ita ce kukan da ya iya yi, kuma shi ya fara tuna mahaifiyarki. Ki je ki ba shi haƙuri a kan abin da kika faɗa, ko da bai daina kiranki yarinya ba.

Ga abin da za ki kai masa. Yayin shiga coci, a yi yadda aka saba, babbar ta fara bugawa ita kaɗai, sannan duka su biyo da fatarsu a ɗaure. A cikin coci ki miƙe da kanki, kada ki bar wa fasto, ki faɗi abin da mahaifinki ya roƙa da irin kalmominsa. Duk wanda ya san shi zai gane bakinsa. Bayan an binne shi a cire fatun a sake su. Ki roƙi Alwyn ya riƙe babbar. Wanda aka gaya wa dalili kafin ya ji bugun, ba shi da abin ƙirƙirowa.

Amma kafin ki taka matakalar hasumiya, ki koma kicin. Abin da mahaifiyarki ta faɗa miki da farko ba yarda ba ce, gajiya ce. Ki zauna ki bayyana mata wannan shiri, ki ce mata kalmar ƙarshe tata ce, kuma ki yi shiru har ta amsa. In ta ce a'a, to ranar Juma'a a bar fatun a ɗaure. Ku sa wata rana, a sanar a coci cewa bugun tunawa da shi ne, ku sake su har hannuwanku su gaji. Kin rantse za a sake su, kuma za a sake su.

Na san za ki ce ba haka ya nufa ba. Gaskiya ne. Sai dai mahaifinki ba zai ji bugun ranar Juma'a ba. Mahaifiyarki za ta ji, kuma ita ce za ta fito ranar Asabar ta ratsa garin nan ita kaɗai.

Allah ya ji ƙansa, ya ba ku haƙuri ke da ita.

Anti Rosalind