Falon da Filifa Ta Cinye

Wahran, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Wahiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da so da kewa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Jilali, da wancan ɗan baƙon da kika ce yana hana ki barci da harbi. Allah Ya sauƙaƙa miki nauyin, Ya raba ku lafiya, Ya kare ku daga sanyin Montreal da nake jin labarinsa. Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali kullum muna gaisawa a waya. To, in na kira ki babanki yana zaune a gefena ya kasa kunne, kuma abin da zan faɗa miki in ina kallon fuskarki bakina ba zai iya ba. Badra 'yar maƙwabciyarmu Haira ce za ta kawo miki ita.

Mutanen gida duk lafiya. Yayanki Kada yana can kudu wajen rijiyoyin mai, ya ce ba shi da hutu sai bayan Babbar Sallah, kuma ya yi baƙi har matarsa na tsokanarsa wai an musanya mata miji. Gwaggonki Yamina tana nan da gwiwoyinta, rabonta da hawo benenmu tun bikinki, ta ce hawa biyar ba na tsofaffi ba ne, na masu neman gafara ne. Haira kuwa har yanzu tana rigima da mutanen hawa na uku a kan igiyar shanya.

Yanzu bari in zo kan maganar. Kin san babanki da filifa, injinan wasan nan nasa masu ƙafa huɗu, da ƙwallon ƙarfe ke yawo a ƙarƙashin gilashi ana maido ta da 'yan fukafukai biyu. Lokacin da kika tafi guda biyu ne. Tun da ya bar aikin tashar jiragen ruwa, duk gidan gahawar da aka rufe daga nan har Mustaganim, babanki ya fi magada sanin abin da ke ɗakin ajiyarsa. Sai dai in ji ƙarti a matakala suna nishi suna tsine wa wanda ya gina gidan, an cire ƙafafu, an cire kai, ana hawo mini da wata gawa mai warin taba da ɓera. Yau ɗakinki akwai ɗaya, falo biyu, ɗakinmu ɗaya wadda nake ninke kaya a kanta, a hanyar banɗaki kuma akwai wadda sai na karkace nake wuce ta. Na ce masa Si Miludu, ni ma ka cire mini ƙafafu ka jingine ni a bango, ƙila in samu kulawar da suke samu. Ya ce ai su in ya gyara su suna yin shiru.

Ta ƙarshen ita ce ta cinye falon. Daga wani gidan gahawa na kusa da tashar jirgin ƙasa ya samo ta, wai a kanta ya ƙarar da kuɗin makarantarsa yana saurayi. Akwai hoton jirgin ruwa a gilashin kanta. Ya kwance ta kaf, bai bar ko ƙusa ba, sannan ya jera kayan cikinta a ƙasa, kowane tayil da abin da aka ɗora masa: nan robobi, nan ƙananan ƙwayayen fitila, nan naɗin waya, nan sukurori a cikin faranten shayina na baƙi. Ya kafa doka, ba shara, ba goge-goge, ba mai taɓa komai. Wata da watanni ban karɓi baƙo ba, gahawar la'asar da muke yi da mata ta koma gidan Haira, ni kuwa ina bin jikin bango da sanɗa kamar ɓarauniya a gidana. Ran nan na matsar da faranti ɗaya don in goge man da ya zuba. Wahiba, tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya irin ta ranar ba. Wai ke 'yar mutane, in kashe ni kike so ki zuba mini guba a miyar harira, amma kada ki sake taɓa mini tayil. Na shiga kicin na yi kukana, na kwana biyu ba na ce masa komai sai ga abinci.

Ana cikin haka bizata ta fito, bayan duk wahalar da ke da Jilali kuka sha. Kin ji guɗar da na yi a waya. Haihuwarki ta fari, a ƙasar da ba ki da uwa ba ki da inna, ai ko da rarrafe ne na ce sai na zo. Amma yaya zan bar mutum a gidan da ba wurin ajiye faranti? Ya ce in kwantar da hankalina, da zarar ya rufe gilashin wannan injin sai in ɗauki jakata. Na ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in na bar shi da saurinsa sai jikana ya yi haƙori ban gan shi ba. Sai na ɗaura zane na zauna a ƙasa na zama yarinyar shagonsa.

Aikina shi ne riƙe fitila da faɗar launin waya. Cikin injin nan wayoyi ne dunƙule guda kamar taliyar da ta kwana a tukunya, sai ya kamo ɗaya da yatsa ya ce wannan ja ce mai ratsin fari ko ruwan ƙasa ce? In faɗa masa. Na ce mutum da tabaransa a aljihu ya mai da ni tabarau, ya ce masu sayar da tabarau duk ɓarayi ne, nawa idon kuwa ya riga ya biya sadakinsa. Daga baya ya koya mini liƙa waya da dalma, wai hannunsa na rawa. Na ƙone yatsa, ɗankwalina ya riƙa warin hayaƙin dalma har a masallaci. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ji daɗin zaman. Rabon da mu zauna kafaɗa da kafaɗa haka yana ba ni labarin ƙuruciyarsa tun kafin a haifi Kada.

Ranar da muka gama, bayan sallar la'asar ne. Muka zura gilashin, ya ce in sa wayar a bango. Sai ga ta ta farka, ƙararrawa na bugawa, fitilu ja da rawaya da kore suna bin juna, jirgin nan ya haska har hasken na taɓa silin. Na rangaɗa guɗa, ni ta tafiyata nake yi. Shi kuwa yana tsaye ya dafa gefenta, fuskarsa dab da gilashin, sai ya ce mini fitilun sama sun kama? Na ɗauka tsokana ce, na ce a'a, sai an roƙe su. Ya sake cewa, da wata murya da ban san shi da ita ba, don Allah Bahta ki gaya mini, jirgin ya haska? Na matso na wuce da hannuna ta gaban idonsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya laluba kujera ya zauna ya faɗa mini komai. Idon dama ya tafi tun azumin bara, na hagu kuma yana gani ne kamar ta gilashin da tururi ya rufe. Gidan ya san shi da ƙafa, matakala ya san ta da hannu, kayan injin kuma ya san su ne da gurbin da ya ajiye kowanne, shi ya sa matsar da faranti ɗaya ya zame masa tashin hankali. Ni kuwa da na ga ya daina sauka sayen karantika, wainar nan ta garin wake, da safe, ya daina zuwa majalisar abokansa, sai na ce lalaci ne da son injin. Ina kwana ɗaki ɗaya da mutum ban san ya makance ba. Gaskiya ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Na ja shi wajen likita yana turjewa. Likita ya ce ciwon sukarin nan da yake rainawa ne ya ci bayan idon. Na dama sai haƙuri. Na hagu ana iya riƙe abin da ya saura, in ana yi masa allura a cikin idon duk wata, kuma dole wani ya riƙo hannunsa zuwa da dawowa. A hanya ya ce kada Haira ta ji, kada Kada ya ji ya bar aikinsa, ke kuwa ko da wasa, wai mai ciki ba a ɗora mata kaya biyu. Ya so in rantse, na ce ni ba na rantsuwa a kan titi.

Kada ki ce shi ya hana ni. Kullum cewa yake in tafi, wai shi da ya yi aikin tasha shekara da shekaru ba za a ce ba ya iya riƙe kansa ba. Har ya ce in zauna in gani, yau shi zai dafa mana gahawa. Ya shiga kicin da fito irin na mai jin kansa, ya murɗa gas na wannan murhu, ya kai ashana kan wancan. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin gas yana huci, shi yana ta ƙyasta ashana. Na miƙa hannu a hankali na rufe. Ya ji ƙarar. Ya ajiye ashanar, ya wuce ni ya koma falo, har yau ba wanda ya tada maganar a cikinmu.

Na juya abin nan ta kowace fuska, 'yata. Gwaggonki ba ta iya hawowa, shi ba zai sauka ya zauna gidan kowa ba, inda bai san bango ba bai san ƙofa ba. Gaba kura, baya sayaki. Wani lokaci in fita baranda in riƙe ƙarfen nan da ya sa aka yi mana saboda ɓarayi, in yi ta kallon jiragen ruwa suna fita daga tasha. Ina jin haushinsa, domin da ya yi magana da wuri da ƙila an ceci idon dama. Ina kuma jin tausayinsa har ba na iya kallonsa yana laluben cokali. Duk da haka ban fid da rai ba a lokacin, ina ta lissafin ko in zo in yi miki ko da kwanakin suna ne in dawo.

Abin da ya yanke maganar shi ne falon. Bayan an rufe injin na share, na goge, na shimfiɗa dardumata, falon ya dawo kamar yadda na daɗe ina roƙo. Sai babanki ya zauna. Daga gado zuwa kujera, hannuwansa a kan gwiwa, ba aski, ba tsokana, kuskus ɗin Juma'a ma cokali biyu ya ture. Ya gwada buga injin da kunne, ƙwallon ta yi ta zurarewa, ya kashe bai sake kunnawa ba. A gabana mutum yake narkewa. Shekaranjiya da hantsi sai ga Si Lahdar mai gwangwan yana ƙwala kira daga titi, wai ya samo wata filifa a garin Ain Tamushant, ruɓaɓɓiya, ƙafa uku gare ta, in Si Miludu na so. Na ga yatsun babanki sun motsa a kan gwiwarsa. Amma sai ya ce in leƙa in ce masa shi Miludu ya riga ya rufe shago. Na leƙa. Na ce Si Lahdar, nemo ƙarti ku hawo da ita, ku yi a hankali da bangon Haira.

Na san abin da na yi. Ba zai iya haɗa waya ɗaya ba sai da idona, kuma inji irin wannan sai ya ci mana hunturu gaba ɗaya, bizar kuwa ba za ta jira ba. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni. Yanzu haka da nake rubutun nan yana tsugune a falo yana jera sukurori yana waƙa ƙasa-ƙasa, ya aske gemunsa, ya ci abincin rana har ya nemi ƙari.

Don haka ba zan zo ba, Wahiba. Ki yafe mini. Na ba Badra garin da na soya miki da hannuna don tamina, abincinmu na mai jego, da zannuwan naɗe jariri da na ɗinka. Ki ba surukarki ta haɗa miki da zuma da man shanu ranar da kika sauka, ki ci da zafinsa ko ba kya so. Ki ce mata na ba ta amanarki, ta riƙe miki hannu a madadina. In kin kira kada ki nuna masa kin sani, ki bar shi ya faɗa miki da kansa ranar da ya iya. Abu ɗaya nake roƙo: in Allah Ya sauke ki lafiya, kada ku turo hoto kawai. Ki kira, ki kara wayar a bakin yaron, ko yana tsala kuka kada ki lallashe shi da wuri, ki bari kakansa ya ji shi sosai.

Ki gaida Jilali, ki ce masa na gode da ɗawainiyar takardun, Allah Ya saka masa. Ki gaida surukarki Lalla Zuhur da ƙannen Jilali Nasira da Buziyan. Gwaggonki Yamina da Haira da matar Kada duk suna gaishe ki. Allah Ya tsare mini ke, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Bahta