Huɗu, Har da Na Jibi

Arlit, daren Talata

"Hajiya, kwantar da hankalinki, kafin Juma'a za a sa wa frigon nan kwaɗo." Haka Direktan asibitinmu ya ce mini, yau Juma'a uku ke nan.

Da safe na tarar da gorunan ruwa shida cikin frigon, wato firjin da muke ajiye jini, ga kwanon fura ya hana ƙofar rufuwa. Ma'auni na nuna goma sha ɗaya, alhali bai kamata ya wuce shida ba. Na ɗauko takardar da muke rubuta sanyin, sai na ga Illa, mai kula da ita, ya cike ta da huɗu, huɗu, har da na gobe da jibi. Na ce, "Illa, yaushe ka fara bokanci?" Ya ce, "Hajiya, ai kullum huɗu ne."

Ledar jini uku da suka lalace na zubar. Ɗaya ta matar wani mai garka ce, wato mai lambu, a Akokan, wadda za a yi wa aiki gobe. Ni na fita na gaya wa mijinta ya sake nemo mai ba da jini. Bai yi faɗa ba, ya ce to. Da zagina ya yi, da na fi samun barci.

Na ɗauki hoton takardar, na kuma gaya wa Direkta na ba shi zuwa saukowa daga masallaci ranar Juma'a. In babu kwaɗo, zan sayo nawa in rataya makullin a wuyana, hoton kuma ya tafi wajen manyanmu a Agadas. Tunda Illa ya san gobe, sai Direkta ya tambaye shi ko zan fasa.