Wayar Fanka da Aka Cire, da Muryar Baba Illo

Zuwa ga Alhaji, mai shagon gyaran kwamfuta da na kai wa tawa a nan Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da iyali.

Ranar Litinin ta biyu bayan ƙaramar Salla, ƙarfe goma da kwata na safe, na miƙa kwamfutata ga babban ma'aikacinka, Malam Hamisu. Tun daga nan na nemi ganinka sau uku, aka ce ka fita. Shi ya sa na rubuto a fili.

Sunana Nasiru. Bana na gama digirin lisansi a jami'a, ban sami aiki ba tukuna, ina haɗa kiɗa a ɗakina a unguwar Zariya. Wata huɗu na yi ina zuwa Jiratawa ina ɗaukar muryar Baba Illo, tsohon mawaƙin noma, ina dawowa gida ina ɗora masa ganga da amshi. Waƙa tara muka yi.

Na ɗaya. Abin da ya kawo ni kaɗan ne: fankar da ke sanyaya cikin kwamfutar tana ƙara, ƙarar tana shiga mikro, abin ɗaukar murya. Da yamma na karɓi kwamfutar, ƙarar ta ɗauke. Na yi godiya har sau biyu.

Na biyu. Washegari matsala ta fara. Aikin da a da ke cin kashi talatin cikin ɗari na ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya koma cika ɗari bayan minti goma sha biyu. Ma'aunin manhajar da nake haɗa kiɗa da ita ya yi ja, sauti ya riƙa tsattsagewa, ganga ta rabu da murya. Kaina na fara zargi. Na ƙara wa manhajar tazarar sarrafa sauti. Na kashe abin da ke sa wa murya amo. Na haɗe layukan ganga shida suka zama ɗaya, na rufe intanet da duk abin da ke aiki a ɓoye. Na gwada da kuran, wato wutar lantarki, na gwada da batir, don kada in ɗora muku laifin wutar da ake ɗauke mana kullum. Kowane gwaji na rubuta shi a takarda da lokacinsa. Abu guda ne bai canza ba: tana sanyi tana aiki daidai, tana ɗumi sai ta durƙushe.

Na uku. Ranar Asabar na koma da takardar. Malam Hamisu bai karanta ba. Ya ce birus ne, wato ƙwayar cutar kwamfuta, in bar kwamfutar. Na gaya masa da bakina waƙoƙin Baba Illo suna ciki, ba ni da su a wani wuri. Laifina ne da ban ajiye kwafi ba, na yarda. Amma ya ce kada in damu, zai kwashe komai a babban diskin shago. Da na dawo, an goge kwamfutar tas, abin da kuke kira formataj. A shagonka kowace cuta maganinta ke nan.

Na huɗu. Ko bayan gogewar, ja ɗin nan ya dawo. Ni da wani abokin karatuna daga Tsibiri muka kwance bayanta. Wayar fankar a cire take, an naɗe bakinta da baƙin salatif, an tura ta ƙarƙashin batir. Gyaran ƙarar ke nan. Zafi ne ke sa furosesa rage gudu don kada ya ƙone. Babu birus ko ɗaya. Alhaji, wanda ya cire wayar nan da hannunsa shi ne ya dube ni ya ce birus.

Na biyar. Baba Illo ya kwanta. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta fita. Ba za a sake ɗaukar waƙoƙin nan ba. 'Yarsa ta kira ni sau biyu tana so a sa masa ya ji, na ce mata ana gyara. Shi kuwa diskin shago, da idona na gani, shi ne wanda ake zuba wa mutane finafinai a waya da shi, ana gogewa ana cikawa kullum.

Ina roƙonka ka cire diskin nan daga aiki yau, ka sa a aljihunka. Ka ba ni lokaci mu duba shi a gabanka. Kuma ka hana a goge kwamfutar kowa sai mai ita ya ga kwafinsa da idonsa.

Ga abin da ban sani ba har yanzu. Ban sani ba ko an kwashe waƙoƙin da gaske. In an kwashe, ban sani ba ko wani fim ya hau kansu. Ban san ɓarnar da zafin ya yi wa furosesa ba. Kuma ban san abin da zan gaya wa 'yar Baba Illo ba in ta kira na uku.

Allah ya ƙara wa sana'arka albarka, ya ba ka ma'aikata masu sauraro.

Wassalam.

Nasiru, unguwar Zariya, Maraɗi.