Ɗalibanka Sun Auna Tabkinmu da Rani

Zuwa ga Baturen da ke koya wa malamai aikin duba daji, Potiskum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni makiyayi ne mazaunin Danchuwa. Ni na yi wa ɗalibanka uku jagora da ranin bara, lokacin da ka aiko su duba dajin da za a mayar gandu. Raina a ɓace yake, shi ya sa na ce a rubuta mini wannan kowa ya gani.

Na ɗaya. Tare suka zo, amma kowa tasa ta fisshe shi. Malamin daji ya ƙirga gawo da kuka. Malamin gona ya murza ƙasa a tafin hannu. Malamin dabbobi ya waiga bai ga saniya ba, ya rubuta cewa ba a kiwo a nan, alhali busasshen kashin shanu yake takawa. Wa ke barin shanu a nan da rani? Namu suna kudu wajen ruwa.

Na biyu. Kwarin da suka zauna suka ci abinci tabkinmu ne, da damina ruwansa har ƙirji. Hanyar da muka bi kuwa burtali ce. Na faɗa musu, kowa ya ce ruwa ba ya cikin takardarsa. Kwana uku ina gabansu, tambayar da aka yi mini ba ta wuce ina inuwa ba.

Na uku. Gandu ya haɗiye tabki da burtali. Bana shanuna suka dawo, suka doshi ruwan da suka sani, mai gadin gandu ya koro su. Suka faɗa gonar maƙwabcina, mutumin da muka daɗe muna musayar nono da dawa. Yau ko sallamata ba ya amsawa. Shanun kuma sun rame, ga ruwa suna gani.

Roƙona, ka koya musu haɗa takardunsu wuri guda kafin a ja iyaka, su ga wuri rani da damina, su kuma tambayi masu wurin, don matambayi ba ya ɓata. Sannan ka zo da kanka tun ruwan bai janye ba, a fitar mana da tabki da burtali daga gandu. Ba za ka sha wahalar gane iyakar ba. Ni na haƙa ramukan duwatsunta da hannuna, ina tsammanin taimako nake yi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Wani makiyayi daga Danchuwa.